Unguwar Tarihi a Gefen Jami'a: Wa Dokar Take Karewa?

A yammacin birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, da zarar mutum ya haye kogin Schuylkill, zai tarar da manyan jami'o'i biyu, Pennsylvania da Drexel, suna maƙwabtaka da juna. Kewaye da su akwai unguwanni na jerin gidajen jan bulo masu baranda, waɗanda aka gina akasarinsu a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da taragon cikin gari ya fara kai ma'aikata daga tsakiyar birni zuwa gefensa. Powelton Village da wani ɓangare na Spruce Hill yanzu suna da matsayin unguwar tarihi a hukumance. Mantua kuwa, wadda layuka kaɗan ne suka raba ta da Powelton, gidajenta kusan sa'annin na maƙwabtanta ne, amma talauci ya daɗe da yi mata katutu, har gwamnatin Barack Obama ta saka yankinta cikin wurare biyar na farko da ta ware a 2014 domin ba su kulawa ta musamman.

Duk lokacin da aka zauna shawara kan yadda za a farfaɗo da unguwa irin Mantua, sai an sami mai cewa a nema mata matsayin tarihi, domin ga yadda maƙwabtanta suka gyaru. Shawarar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai tana haɗa abubuwa biyu da ba lallai ne ɗayansu ya haifi ɗayan ba. Ni dai a fahimtata, wannan matsayi garkuwa ce da ke tare masu zuwa da kuɗi su rushe gini, alhali ciwon unguwar da ta talauce shi ne babu mai zuwa da kuɗin gyara. Abin da ya sa batun ya rikice a gefen jami'a shi ne, sau da yawa cututtukan biyu suna zaune a unguwa ɗaya, layi yana kallon layi.

Sai an fara rarrabe ma'anar kalmar, domin a Amurka matsayin tarihi iri biyu ne, kuma mazauna unguwannin da kansu suna yawan cakuɗa su. Na farko shi ne na tarayya. Dokar adana wuraren tarihi ta 1966 ta kafa Kundin Wuraren Tarihi na Ƙasa, wanda hukumar kula da gandun dajin ƙasa take riƙe da shi, kuma bisa al'ada sai wuri ya kai shekara 50 ake duba cancantarsa. Shiga wannan kundi karramawa ce, kuma yana buɗe ƙofar rangwamen haraji, amma ba ya hana mai gida rushe gidansa da kuɗin aljihunsa gobe da safe. Iyakar takunkumin da ke ciki shi ne, idan aikin ya shafi kuɗi ko izinin gwamnatin tarayya, wajibi ne hukumar da abin ya shafa ta duba illar da zai yi wa wurin kafin ta ci gaba, kuma ko bayan ta duba tana iya ci gaba. Na biyu shi ne na ƙaramar hukuma, wanda birnin Charleston ya fara a 1931, kuma shi ne mai haƙora. A ƙarƙashinsa, mai gida ba zai rushe gini ba, ba zai sauya fuskarsa da ke kallon titi ba, ba zai cire tagogin katako ya sa na roba ba, sai da amincewar hukumar tarihi ta birni. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halascin irin wannan iko a 1978, a shari'ar da aka yi kan tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York. Saboda haka idan aka ce wata unguwa ta sami matsayin tarihi, tambaya ta farko ita ce wanne daga ciki, domin na farkon yana da ɗan kuɗi ba shi da iko, na biyun yana da iko kuma galibi ba shi da kuɗi.

Ba za a gane dalilin da ya sa maƙwabtan jami'o'i suke neman wannan garkuwa ba sai an koma shekarun rusau. Dokar gidaje ta 1949 ta ba birane kuɗin tarayya su karɓe unguwannin da aka laƙaba wa lalacewa su share su. A 1959 aka ƙara wa dokar wani sashe, na 112, wanda Jami'ar Shikago ta yi ruwa ta yi tsaki wajen samar da shi: kuɗin da jami'a ta kashe wajen sayen filaye kusa da ita za a lissafa shi a matsayin gudummawar birni, kuma kowace dala ɗaya tana jawo dala biyu daga tarayya. Nan take jami'o'i suka zama abokan cinikin magajin gari mafi daraja. A wannan shekarar ce Pennsylvania da Drexel da wasu cibiyoyi suka kafa kamfanin haɗin gwiwa na raya yammacin Filadelfiya, kuma a shekarun 1960 aka share unguwar baƙaƙen fata da ake kira Black Bottom, aka tashi dubban mutane, aka gina cibiyar binciken kimiyya a gurbinsu. Irin haka ta faru a Saint Louis, inda aka fara rushe Mill Creek Valley a 1959, unguwar da ke da mutum kusan 20,000, jami'ar birnin ta sami wani ɓangare na filin. Dokar 1966 ta zo ne a matsayin martani ga wannan ɓarna da kuma ta manyan hanyoyin da aka ratsa ta tsakiyar birane, sai dai ta iso bayan aikin gama ya gama a wurare da dama.

Barazanar yau ta sauya kama. Jami'a ba ta cika zuwa da katafila da kanta ba. Ɗalibanta ne suke zuwa da kuɗin haya. Duk wanda ya san Samaru a Zariya ya san yadda kusancin jami'a ke sauya lissafin mai gida, domin gidan da iyali ɗaya za su biya wa haya sau ɗaya, idan aka yanka shi ɗaki-ɗaki aka zuba ɗalibai, sai ya ninka abin da yake kawowa. A Amurka lissafin ya wuce nan. Mai zuba jari yakan sayi tsohon gida mai fili, ya rushe shi, ya tayar da bene mai hawa huɗu ko biyar, ya riƙa karɓar haya a kan kowane gado. A Filadelfiya ma dokar haraji ta taimaka masa, domin daga shekarar 2000 birnin ya riƙa yafe harajin sabon gini na tsawon shekara 10, kafin a rage wannan rangwame daga 2022. A irin wannan yanayi filin da ke ƙarƙashin gida ya fi gidan daraja, kuma duk inda haka ta kasance, kwanakin tsohon gini ƙidayayyu ne, komai kyawun ƙirarsa.

A nan ne matsayin tarihi na ƙaramar hukuma yake aikin da aka ƙirƙire shi dominsa. Powelton Village ta shiga kundin tarayya tun 1985, Spruce Hill kuma ta shiga a 1998 cikin wani babban yanki, amma hakan bai hana rusau a ko ɗaya ba. Shi ya sa ƙungiyoyin mazauna suka ci gaba da neman na birni. Powelton ta samu a 2022. Spruce Hill ta nema a shekarun 1980 ta faɗi, ta sake nema a farkon shekarun 2000 ta sake faɗi, sai a 2024 hukumar tarihi ta birnin ta amince da wani yanki nata, duk da adawar manyan masu gidajen hayar ɗalibai. Adawar tasu ita kanta shaida ce cewa dokar tana cizo. Idan aka hana mai zuba jari rushewa, ƙimar da yake sa wa fili tana sauka, kuma iyalin da ke son sayen gida su zauna suna samun damar yin takara da shi. Wanda ya kashe dukiyarsa ya gyara rufi da baranda kuma yana samun kwanciyar hankali cewa ba zai wayi gari ya ga bene ya tokare masa taga ba.

Garkuwar dai tana da huji. Dokar Filadelfiya ta yarda a rushe ginin tarihi idan mai shi ya nuna cewa babu wata hanyar amfani da shi da za ta biya, ko kuma idan rushewar ta zama wajibi don amfanin jama'a. A 2012 Jami'ar Pennsylvania ta bi ta ƙofar farko ta sami izinin rushe wani tsohon gida da ke mahaɗar titi na 40 da titin Pine, maƙwabta suka yi ta shari'a, daga baya aka rushe shi aka gina gidajen haya. Wanda ke da lauyoyi da injiniyoyi da haƙurin shekaru ya fi kowa iya gamsar da hukuma cewa yana cikin ƙunci.

Binciken da ya fi zurfi kan wannan batu an yi shi ne a New York, inda aka fara ayyana unguwannin tarihi tun 1965. A 2016 wasu masana, cikinsu har da Vicki Been da Ingrid Gould Ellen da Edward Glaeser, suka fitar da sakamakon da ya nuna cewa matsayin yana ɗaga farashin gidaje a unguwannin da ke wajen Manhattan, inda dama ba a sa ran tayar da dogayen benaye, yana kuma rage sabbin gine-gine a cikin iyakar unguwar, sannan gidajen da ke bakin iyakar daga waje su ma suna ƙara daraja. A shekarar ce kuma Ellen da Brian McCabe suka gano cewa bayan ayyanawa, yawan masu digiri a unguwa yana ƙaruwa, yawan matalauta yana raguwa, ko da yake ba su ga sauyi a fili ba ta fuskar launin fatar mazauna. Mai goyon bayan dokar zai karanta wannan ya ce unguwa ta ci gaba. Amma raguwar talauci a unguwa tana iya nufin talakawan sun samu, tana kuma iya nufin sun tashi wasu sun maye gurbinsu, kuma alƙaluman ƙidaya ba sa bambanta su. Ban da haka, New York birni ne da kowa ke rububin zama a cikinsa. Abin da ya faru a unguwannin New York irin na Brooklyn ba hujja ba ce ga unguwar da rabin gidajenta kango ne.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina nan ne aka fi yaudarar talaka ba da gangan ba. Idan ana tallata matsayin tarihi, akan ambaci rangwamen harajin tarayya na kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara. Rangwamen gaskiya ne, kuma ya ceci tsofaffin masana'antu da makarantu da otal-otal masu yawa. Amma doka ta keɓe shi ga ginin da ke kawo kuɗin shiga, wato gidan haya ko shago ko ofis, ban da gidan da mai shi yake zaune a ciki. Dole ne kuma gyaran ya zama babba, ya bi ƙa'idojin da ma'aikatar cikin gida ta shimfiɗa, a kashe kuɗin tukuna kafin a nemi rangwame, kuma tun gyaran dokar haraji na 2017 ana karɓarsa ne kashi-kashi cikin shekara 5. Wannan tsari na mai jari ne da akanta. Tsohuwar da ke rayuwa da fansho, rufinta yana yoyo, ba ta da harajin da za a rage mata, ba ta kuma da kuɗin da za ta fara kashewa. Abin mamaki ma, mai gidan hayar ɗalibai da ake neman tsari da shi ya fi ta cancantar wannan tallafi. Wasu jihohi sun cike giɓin: Missouri tana ba da kashi 25, Maryland tana ba da kashi 20, kuma duka sun haɗa da gidajen da masu su ke zaune a ciki. Na Pennsylvania kuwa ya tsaya ga gine-ginen kasuwanci. Ke nan amsar tambayarmu tana iya sauyawa da zarar an tsallake iyakar jiha.

A ɗaya gefen kuma akwai ɗawainiya. Gyara tagar katako ko rufin slate, wato falalen dutsen da ake rufa tsofaffin gidaje da shi, ya fi sa na zamani tsada, kuma ma'aikatan da suka iya aikin ba su da yawa. Gaskiya ne cewa akasarin buƙatun gyara ma'aikatan hukuma ne suke amincewa da su ba tare da dogon zama ba, kuma babu mai tilasta wa kowa ya mayar da gidansa yadda yake a 1890. Duk da haka, ga wanda da ƙyar yake biyan kuɗin wuta, ko cike takarda da jiran amsa ma nauyi ne. Kuma doka tana iya hana mutum rushe gini amma da wuya ta tilasta masa gyara shi, shi ya sa masana fagen suke da kalma ta musamman ga abin da za a kira rusau ta hanyar sakaci: a bar rufi a buɗe damina biyu ko uku, bango ya tsage, sai hukumar gine-gine ta ayyana gidan a matsayin haɗari ta rushe shi da kanta. Ganuwar Kano ta daɗe a jerin kayan tarihi na ƙasa, kuma kowa ya ga abin da takarda ta iya yi mata da abin da ta kasa.

Akwai wata matsalar da ta fi zama ruwan dare a unguwanni irin Mantua, kuma mai karatu Bahaushe zai gane ta nan take, domin matsalar gado ce. Mai gida ya rasu ba tare da wasiyya ba, 'ya'ya da jikoki suna zaune a gidan, amma takardar mallaka tana ɗauke da sunan mamaci. Cibiyar Pew ta ƙidaya gidaje fiye da 10,000 masu irin wannan sarƙaƙiya a Filadelfiya a 2021. Magada ba za su iya cin bashin banki a kan gidan ba, da wuya su sami tallafin gyara, kuma su ne dillalai suka fi yi wa tayin farashin banza. Matsayin tarihi ba ya warware ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan ma ya ɗaga darajar unguwa, harajin gida na shekara-shekara yana tashi tare da ita, abin da ya sa birnin ya ɓullo da wani shiri a 2014 na taƙaita ƙarin haraji ga waɗanda suka daɗe a gidajensu. In babu irin wannan shiri, sai ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, domin waɗanda suka riƙe unguwa a shekarun da kowa ke gudunta su ne suke fara kasa zama idan ta yi kyau.

'Yan haya su ne dokar ba ta san da su ba kwata-kwata. Ba ta ce komai kan kuɗin haya, ba ta ce komai kan wanda zai zauna a bayan bangon da ta kare. Misalin da ya fi fito da wannan yana kan titin Market, kusa da titi na 40, inda aka gina gidaje 70 masu tallafin gwamnati a farkon shekarun 1980, a yankin da aka share Black Bottom. A 2021 mai wurin ya sanar cewa ba zai sabunta yarjejeniyarsa da gwamnatin tarayya ba, domin filin ya yi tsadar da haya mai rahusa ba za ta iya biya ba. An yi zanga-zanga, an je kotu, an yi sulhu a 2023 inda birni ya sami wani yanki na filin domin gina gidaje masu sauƙin kuɗi, amma mazaunan sun watse, an rushe gidajen. Ginin bai kai shekara 50 ba, ba shi da adon da zai burge masana gine-gine, alhali idan tarihin mutane ake magana, da wuya a sami wuri a yankin da ya fi shi ɗauke da shi. Kuma abin da ya ɗaga farashin yankin tun farko ba hukumar tarihi ba ce. Jami'ar Pennsylvania ce, a zamanin shugabancin Judith Rodin daga 1994 zuwa 2004, ta zuba kuɗi a tsaro da tsafta, ta tallafa wa ma'aikatanta su sayi gidaje a unguwa, ta kuma taimaka aka buɗe makarantar Penn Alexander a 2001, wadda ta sa iyaye rububin gidajen da ke cikin iyakarta. Spruce Hill ta farfaɗo shekaru kafin ta sami kariyar birni, don haka wanda ya ce kariyar ce ta farfaɗo da ita ya juya lissafin.

Shikago ta ba da kwatancen da ya fi fitowa fili. Hyde Park, unguwar da Jami'ar Shikago take, ta shiga kundin tarayya tare da maƙwabciyarta Kenwood a 1979, amma wannan ya biyo bayan shirin sabuntawa na 1958 ne, wanda ya rushe ɗaruruwan gine-gine ya tashi dubban talakawa. Abin da ya rage aka karrama. Woodlawn da ke kudu da jami'ar ta bi wata hanya. Mazaunanta sun kafa ƙungiya a 1960, suka matsa har jami'ar ta amince ba za ta wuce titi na 61 ba. Sun tsira daga katafila, amma ba su tsira daga gobara da ƙauracewar masu jari ba, kuma yawan jama'ar unguwar ya faɗo daga kimanin 81,000 a 1960 zuwa kimanin 27,000 a 2000. Unguwar tana da kyawawan gidajen farin dutse irin na Shikago, kuma babu wata takardar tarihi da za ta hana wannan zubewa, domin ba rushewar masu jari ce ta cinye ta ba.

Da aka zaɓi gandun Jackson da ke gefenta a matsayin mazaunin cibiyar tunawa da shugabancin Barack Obama, farashin filaye ya fara motsi, sai Woodlawn ta tashi daga ciwon rashin mai zuwa da kuɗin gyara zuwa ciwon masu zuwa da kuɗi su rushe gini. Abin lura shi ne abin da mazaunan suka fi matsa wa majalisar birni a kai. Dokar da suka samu a 2020 ta tanadi cewa wani kaso na gidajen da za a gina a filayen gwamnati ya zama mai sauƙin haya, ta ware kuɗin gyara ga waɗanda suka daɗe a gidajensu, ta kuma ba 'yan haya a manyan gine-gine damar fara tayi idan mai gini zai sayar. Duk waɗannan suna iya tafiya tare da matsayin tarihi, kuma a layukan da katafila ta fara leƙowa zai yi kyau su tafi tare. Sai dai ga unguwa irin Mantua, inda kango da sabon benen ɗalibai suke fuskantar juna, tsarin matakan yana da muhimmanci: a fara warware takardun gado, a samar da kuɗin rufi, a ɗaure harajin tsofaffin mazauna, sannan a zo ga batun irin tagar da hukuma za ta amince da ita.